Abokin aikina ya gaji da komai, ya zan yi da shi?

Ɗan Misfala:
Salam jama'a. Ina aiki a wani shagon dabino a Makka, akwai wani dattijo da muke tare, shekararsa 18 a wurin, wallahi duk abin da ka ce masa sai ya ce "bukra inshallah" (wato gobe in Allah ya so) ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Alhazai su cika shago maƙil shi yana zaune kan kwalin ajwa yana lissafin riyal nawa zai tura gida, wai uwargida kullum saƙon murya a WhatsApp, yau kuɗin makaranta gobe bikin ƙanwarta. In na yi sauri ya ce yaro bi a hankali, kafil (wato uban gidanmu a wurin aiki) ba ya ƙara albashi don gumi. Ni fa abin ya fara shiga jikina.

Ummu Jidda:
Hhh ai kowane wurin aiki da irin nasa. Namu direba ne, iƙamarsa (takardar izinin zama a Saudiyya) ta kusa ƙarewa ko a jikinsa, hirarsa ɗaya gidan da yake ginawa a Kano, shekara 7 ko linta ba a kai ba.

Abu Tamis:
Ɗan'uwa kar ka raina Baba. Bari azumi ya zo, goman ƙarshe ka tsaya daga la'asar har sahur sannan ka dawo ka ba mu labari. Ka riƙa saya masa tamis da ful (gurasa da wake) da safe, za ka sha mamakin abin da zai koya maka.

Ɗan Misfala:
Na saya masa yau, ya cinye tas sannan ya ce ful ɗin ba gishiri.