Wa ya san garin Sapele? Ina neman bayani kafin in tafi

Ɗan_Na'ibawa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya san Sapele ta jihar Delta, sani na zama nake nufi ba na wucewa a mota ba. Ni yaron shago ne a 'yan katako nan Na'ibawa, bana shekarata shida a harkar, to maigidana yana so bayan sallah in bi wani direbanmu kudu in yi kamar wata 3 in ga yadda ake yanko kayan tun daga tushe, don mu dai kullum tirela ce ke zuwa mu sauke mu jera, ba mu san wahalar da ke bayan falanki ɗaya ba. Sunan Sapele kuwa tun ina ƙarami nake jin sa a bakin manyanmu, har akwai wani jan katako da ake ce wa sapele. Shin garin ne ya ci sunan katakon ko katakon ne ya ci sunan garin? Sannan yaya yanayin wurin yake, don an ce min ruwa ba ya ɗaukewa, kuma ni ina da ɗan ciwon ƙirji. Garin babba ne ko ƙarami, wane yare ne, akwai namu a can? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baba_Mai_Goro

Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don a garin nan na yi ƙuruciyata, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya kai mu can ina ɗan shekara tara, yana harkar goro da albasa, kuma sai da na yi aure na dawo arewa.

Katakon ne ya ci sunan garin. Itacen a kurmi yake fitowa tun daga Gana har ƙasar Kwango, amma da yake ta tashar jirgin ruwan Sapele Turawa suka riƙa fitar da shi zuwa Ingila sai sunan ya bi shi, har yau ko a Turai ka ce sapele kafinta ya san jan katakon nan mai zane-zane kamar an ja masa layi, da shi suke ƙofofi da kujeru har da jita. Shi kuma sunan garin mutanen wurin suna cewa daga Urhiapele ne, bakin Bature ya kasa ya mai da shi Sapele. Ƙasar ta mutanen Okpe ce, wani ɓangare na Urhobo, sarkinsu ana ce masa Orodje.

Abin da ya yi garin ruwa ne. Koguna biyu ne suke haɗuwa a wurin, Ethiope da Jamieson, su zama kogin Benin wanda ya miƙe har teku, kuma yana da zurfin da babban jirgi zai shigo har bakin gari. Turawan Ingila sun kafa ofishinsu a wurin tun wajen 1892, lokacin manja suke nema. Da suka ci Benin da yaƙi a 1897 sai dazuzzukan masarautar suka faɗo hannunsu, aka fara yanka wa kamfanoni daji ana ba su izinin sara. Injin yanka katako ya kankama a garin tun 1925, bayan yaƙin duniya na biyu kuma kamfanin African Timber and Plywood (AT&P), wanda reshen babban kamfanin kasuwancin Turawan Ingila ne mai suna UAC, ya kafa masana'antar fulawud da ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta yamma.

Ɗana abin da idona ya gani shi zan gaya maka. Ba a mota ake kawo yawancin gumaguman ba, a daji ake kayar da su a ja su zuwa bakin rafi, a ɗaure su da waya da igiya su zama kamar wata doguwar tabarma a kan ruwa, mutane su kafa 'yar bukka a kai da murhunsu da tukunyarsu, su yi kwana da kwanaki suna gangarowa. Mu yara in an aike mu bakin kogi sai mu tsaya kallo, wani gungumen in yana kwance a ƙasa babban mutum ya tsaya a gefe ɗaya ba ka hango shi ta ɗaya gefen. Itacen da ake ce wa obece shi yake yawo a saman ruwa don ba shi da nauyi, masu nauyin kuma sai an haɗa su da marasa nauyi kar su nutse. Garin gaba ɗaya warin ɗanyen katako yake da garin zarto, da asuba jiniyar kamfani za ta yi kuka ka ga kekuna sun cika titi kamar an buɗe wa tumaki garke. Ranar da aka yi albashi kuwa mahaifinmu tun kafin la'asar ya sayar da kwandon goronsa.

Abin da yake ci min rai shi ne an sari dajin nan kamar ba zai ƙare ba. Itacen da ya shekara ɗari ko fiye yana girma a yini ɗaya ake kayar da shi, wanda aka dasa a madadinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A shekarun 1970 gwamnati ta hana fitar da gungume waje, ga kuɗin man fetur ya shigo hankalin kowa ya koma Warri da Fatakwal, manyan itatuwa na kusa da ruwa sun ƙare sai an yi nisa, a hankali jiragen suka daina zuwa, kamfanin ya yi ta ja da baya. Zuwana na ƙarshe na tsaya a bakin kogin nan na daɗe ban ce komai ba, ruwan yana nan yadda na san shi amma babu tabarmar gumaguman.

Maman_Ilham

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya, wlh na karanta har na ji kamar ina gani. Ni bautar ƙasa ce ta kai ni, na koyar a wata makarantar sakandare a can shekara ɗaya, bari in amsa masa maganar yanayi tunda ya ce yana da ciwon ƙirji.

Ƙanena ruwa kam gaskiya aka gaya maka. Damina tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ba ta tafiya sai Oktoba har ta taɓa Nuwamba, akwai ɗan sararawa da ake samu a watan Agusta na sati biyu haka, shi ma ba kullum ba. Ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, mu nan Kano sau da yawa ko 1,000 ba ma kaiwa, to ka lissafa. Kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗo a yi iska a zuba a ɗauke, can sai a wuni a kwana ana yayyafi, ka yi shanya kwana uku kaya ba su bushe ba sai wari. Takalmina na fata da na ajiye a ƙarƙashin gado wata ɗaya na ciro shi ya yi fumfuna fari fat, garin tuwon da na taho da shi daga gida ma haka ya dunƙule. Zafin kuma ba ya kai namu na watan Afrilu a lamba, yawanci 30 da ɗoriya ne, amma danshi ne ke wahalar da mutum, gumi ba ya bushewa, ka yi wanka ka fito kana tsiyaya. Hunturu yana leƙowa a Disamba da Janairu amma kaɗan, ba ƙurar da muka sani, ni a ganina ta wannan fuskar ƙirjinka zai ma fi samun sauƙi, sai dai ka kiyayi garin zarto a wurin injin, ka samu takunkumi ka riƙa sawa, kuma ka je asibiti su duba ka kafin ka tafi. Gidan sauro kuwa dole ne, ba shawara ba ce, ni sau uku zazzaɓi yana kwantar da ni.

Maganar girma, ba ƙauye ba ne fa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Sapele mutum sama da dubu 170, yanzu kuma ai sun ƙaru sosai. Amma in ka saba da Kano za ka gan shi ƙarami, a keke napep za ka zaga shi ba daɗewa. Yana tsakanin Benin da Warri, kowanne tafiyar kamar awa ɗaya in hanya ta yi kyau. Okpe da sauran Urhobo su ne masu yawa, ga Itsekiri ga Ijaw ga Ibo da Yarbawa, aikin katakon nan ne ya tara su tun da, shi ya sa kowa da burokan yake magana, har tsofaffi a kasuwa. In ba ka iya ba ka fara koya tun yanzu, nasu yana da sauri sosai. Namu suna nan, masu shanu da masu albasa da tumatir da masu suya da 'yan canji, akwai masallatai, ba za ka rasa inda za ka yi Juma'a ba. Yawancin mutanen garin kiristoci ne, ni dai shekarar da na yi ba wanda ya taɓa min maganar hijabina, matar da na zauna a gidanta ma in azumi ya zo ita ke aje min ayaba da gwanda.

Kafinta_Zariya

Ni inda zan ɗan saɓa da maigidanka shi ne, in dai tushen kaya ake so a gani yau, Sapele ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Injinan yanka suna nan a bakin ruwa ana aiki, ban ce babu ba, amma kaya da yawa da muke samu yanzu daga wajen Edo da Ondo da Kuros Riba suke fitowa, shi kansa jan sapele na asali mai faɗi wanda Baba yake magana yawancin wanda ke kasuwar duniya yanzu daga Kamaru da Kwango ne. Abin da ya rage na babban kurmi a yankin sai irin su Okomu a jihar Edo, shi ma don an mai da shi gandun gwamnati ne.

Sannan abu ɗaya da nake roƙonka ka koyo, don mu kafintoci mu muke shan wahalarsa: busar da katako. Danshin da Hajiya Maman Ilham ta faɗa yana cikin itacen. Bara na sayi falankai a hannun wani, jajaye masu kyau, na yi wa wata amarya gado da sif, aka kai ɗaki a watan Oktoba, hunturu na shigowa ƙofofin sif ɗin suka bankare, gadon ya tsage tun daga kai har ƙasa, sai da na sake aikin da kuɗina, ga kunya a gaban iyayen yarinya. Ɗanye aka yanko aka loda aka kawo. In ka je ka duba yadda suke jera shi, ana sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ƙarƙashin rumfa ba a rana ba, ka tambayi wata nawa ya yi a jere, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka kuma koyi bambance loko da afara da obece da abura tun suna gungume kafin a shafa musu kala a ce maka wani abu ne. In ka dawo da wannan ilimin kaɗai wlh tafiyarka ta biya.

Ɗan_Na'ibawa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam kafinta maganarka gaskiya ce, mu ma ana dawo mana da kaya lokacin sanyi muna ta ba da haƙuri ba mu san daga inda matsalar take ba, zan nuna wa maigida wannan. Hajiya in sha Allah zan je asibiti kafin tafiyar. Baba tambaya ɗaya ta rage, to yanzu da katakon ya ja baya da me mutanen garin suke ci?

Baba_Mai_Goro

Suna nan suna fama ɗana. Akwai tashar wutar lantarki a Ogorode tun ƙarshen shekarun 1970, akwai kamfanin fulawa, akwai gonakin roba da na kwakwar manja a kewaye, ga harkar mai da gas, tsohuwar tashar jirgin kuma sojan ruwa ne a wurin da kwalejinsu ta injiniyoyi. Amma babu wanda ya ɗauki mutane kamar yadda katako ya ɗauka, shi ya sa samarinsu da yawa suna Warri da Legas. In Allah ya kai ka, ka nemi tsofaffin da suka yi aikin kamfani, za ka same su da yamma a bakin shaguna, ka gaishe su da ladabi ka ce daga Kano kake kuma katako kake sayarwa, za su ba ka labarin da ya fi nawa. Ka kuma je bakin kogin da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin hazo yana kwance a kan ruwa, in ka samu hali ka ɗauko min hoto ka sa a nan, shekara 14 kenan rabona da wurin.