Wace na'urar hannu ta dace da ƙirga kaya a sito? Ina Jos

Sani_Sitokifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina aiki a wani sito na sarin kayan masarufi nan wajen Terminus, taliya, madara, man gyaɗa, sabulu da sauransu. Duk ƙarshen wata sai mun rufe kwana biyu muna ƙirga katan-katan da biro da littafi kuma duk da haka lissafi baya fita, watan jiya katan tara na madara muka nema muka rasa, ashe yaro ne ya rubuta su a layin wata madarar daban, amma kafin a gano sai da aka yi ta kallon-kallo, wallahi abin ya tsaya min a rai don ni ke riƙe da makulli. Yanzu maigida yace in nemo na'urar nan ta hannu da ake ce wa PDA, wadda ake haska lambar jikin katan ta shigar da kanta. Wani ya nuna min tokumbo mai madannai kamar tsohuwar waya, Windows ce a ciki, kuma ba tsada. Wani kuma yace in sayi waya kawai in sa manhaja. Mu huɗu ne za mu riƙa aiki da ita. Wanne zan ɗauka?

Alhaji_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Sani ka tuna min da baya. Ni na riƙe Palm a ofis, daga baya na koma iPAQ, duk PDA ne irin na da. Palm ta farko a 1996 ta fito, da ɗan tsinke ake rubutu a fuskarta, kuma sai ka koyi irin nata haruffan da ake kira Graffiti kafin ta gane hannunka. Da yamma in na dawo sai in ɗora ta a mazauninta in danna maɓalli ɗaya ta juye komai cikin kwamfuta, lambobin waya da jadawalin mitin duka. Har yau tana durowata kuma in an sa mata caji tana kamawa, sai dai ba abin da zan iya yi da ita. HP ta sayi Palm a 2010, ba a daɗe ba aka daina yinta. BlackBerry ma da kowa ke ji da ita a ƙasar nan, a Janairun 2022 suka kashe sabis ɗin tsofaffin wayoyinsu.

To wannan mai Windows ɗin da aka nuna maka kar ka saya ɗana. Microsoft ta janye hannunta daga Windows Embedded Handheld 6.5, wato Windows ɗin da ke cikin da yawa daga irin waɗannan na'urori, tun Janairun 2020, shi ya sa manyan sito-sito na Turai da Amurka suka sallame su suka koma Android, su ne ake kwasowa ana kawo mana a araha. Ƙarfen da ƙwari, amma manhajar da za ka sa mata fa? Kuɗin mutane ne a hannunka.

Idi_Maigyara:
Baba Alhaji ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Oga Sani ni aikina kenan gyaran waya da POS, bari in ƙara maka. In ka ga an rubuta Symbol ko Motorola a jiki to tsohuwa ce, don kamfanin Zebra ya sayi ɓangaren Motorola mai yin waɗannan na'urori tun 2014. Zebra da Honeywell su ne manya amma kuɗinsu ba wasa, akwai na Chana kamar Urovo da Chainway da Sunmi, Android ce a ciki kuma suna aiki.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne idon da ke karanta lambar. Akwai 1D akwai 2D. Mai 1D yawanci leza ce, jan layi ɗaya take fitarwa, lambar nan mai zane-zane a tsaye kawai take karantawa, ba ta karanta QR, wato lambar nan mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige, kuma ba ta karanta abin da ke fuskar waya. Mai 2D hoto take ɗauka, tana cin duka biyun ko da ka riƙe ta a karkace. Ƙara kuɗi ka ɗauki 2D. Sannan duba IP, wato ma'aunin juriyar ƙura da ruwa, in an rubuta IP65 ko IP67 to ƙura ba ta shiga, kai ka san yadda sito ke zama lokacin hunturu a garin nan, ga garin fulawa ga ƙurar buhu, yawancin abin da ake kawo min ƙura ce ta toshe wajen caji. IP67 har ruwa mita 1 tana jurewa na minti 30. Batir kuma ya zama wanda ake cirewa, ka sayi biyu saboda matsalar wuta.

In dole sai tokumbo, kar ka biya sai an goge ta gabanka an kunna daga farko. Wasu suna zuwa a kulle da sunan kamfanin da ya yi aiki da su a waje, kana haɗa ta da intanet sai ta nemi izininsu, akwai wanda ya kawo min guda uku haka daga Abuja ban iya yi masa komai ba.

Maman_Ummi:
Ni dai ina ganin an fara daga sama. Malam Sani wace manhaja za ku yi aiki da ita? Ita ya kamata ku fara zaɓa sannan ku tambayi mai ita wace na'ura take hawa. Na yi aikin tattara bayanai a ƙauyukan Mangu da Pankshin da manhajar KoboCollect a waya ta gama-gari, ba netwok muke cika fom, sai mun fito titi mu tura, to ku ma ku tabbatar taku tana aiki ba data don cikin sito sabis baya shiga sosai. Kuma ka zagaya ka duba kayanka, buhun sukari da jarkar mai da yawa ba su da lamba a jiki, sai kun buga sitika kun manna da kanku, kenan akwai kuɗin ƙaramar firinta a lissafi. Shawarata ku fara da waya ɗaya da ɗan sikana na Bluetooth ku yi ƙidayar wata guda ku gani, in ta yi sai maigida ya saki kuɗin babbar.

Sani_Sitokifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wallahi ban yi tunanin buhuna ba, yanzu na shiga na duba kusan duk layin baya ba lamba. Malam Idi, kyamarar waya kaɗai ba za ta iya ba sai an sayi sikana?

Idi_Maigyara:
Za ta karanta amma tana jan lokaci, sai ta tsaya ta saita hoto, kuma in sito da duhu ko leda na ƙyalli a kan lambar sai ka yi ta juya hannu. Kaya goma ba matsala, katan ɗari biyar za ka gaji. Ranar da za ka je saye ka yanko gefen katan biyu ko uku, har da wanda lambarsa ta ɗan goge, ka gwada a shagon kafin ka tura kuɗi.