3 dan na Fox ya isa ya koya min Go? Ku ba ni shawara kafin Juma'a

ƊanMarusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina buga Go (wasan allo na baƙaƙe da fararen duwatsu) a shafin intanet na OGS, na maƙale a matsayin 14 kyu (a kyu, lamba na raguwa ƙarfi na ƙaruwa) tun kafin azumi, in na hau 13 sai a maido ni. Akwai wani bawan Allah da muka haɗu a grup, ya ce shi 3 dan ne (matsayin da ke sama da kyu) a Fox, wani shafin buga Go, zai riƙa koya min sau biyu a sati, dubu 15 a wata. Abin da ya tsaya min a rai, na ji ana cewa dan ɗin Fox bai kai na OGS ba. To 3 dan na can nawa ne a nan? Kuɗin gyaran sikirin ɗin wayata ne zan taɓa, kuma Juma'a na ce zan ba shi amsa.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Ka fara da ƙaramin allo 9x9, nan ake koyon ido biyu (yadda ba za a iya kama duwatsunka ba) da kamu, kar ka yi gaggawar 19x19.

ƊanMarusa:
Yaya Abu ai na wuce nan, 19x19 nake bugawa.

Baban Ilham:
Ƙanena kar ka tura ko sisi. Ni aka yi wa, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani ya ce min 5 dan ne, na ɗauki adashi na ba shi dubu 30 na wata uku, kullum da daddare sai mu buga ya yi min cin kaca, in na ce Malam mi ya sa ka aje dutse nan ba can ba sai ya ce nan ya fi kyau, shi ke nan, ba bayani. Ran nan wani yaro ɗan jami'a ya saka min wasanninmu a KataGo, injin kwamfuta mai buga Go, kusan duk inda ya aje nan injin ya nuna, har a ƙarshen wasa inda ko manya ke kuskure. Na tura mishi hoton, bai ce komai ba ya yi bulokin ɗina. Kuɗin ba su fi ciwo ba, wata uku ina ganin kamar ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, har na daina wasan. Tun da manhajar AlphaGo ta ci gwanin Go Lee Sedol 4 da 1 a 2016 kowa na iya zama gwani a bayan waya.

Sani Layout:
Dubu 15?? Ni nawa malamin dubu 5 yake karɓa kuma 1 dan ne a shafin KGS

Baban Ilham:
Dubu 5 ko datar da zai ƙona ba ta biya ba, ka bincike shi.

'Yar Kusugu:
Baban Ilham Allah Ya mayar da alheri, amma tambayar yaron nan daban. Ni 5 kyu ce a OGS, a Fox na taɓa 1 dan na sauko. A Fox kai ke zaɓar matsayin da za ka fara, kuma hawa da sauka da yawan cin da ka yi a wasannin baya-bayan nan ne, OGS kuma lissafi yake da ƙarfin wanda ka buga da shi. A abin da na gani 3 dan na Fox zai zo wajen 1 ko 2 kyu a OGS. Duk da haka ya fi ka da matsayi sama da goma, kuma kowane matsayi ratar dutse ɗaya ne. Ka ce ya ba ka ratar duwatsu 9 ku buga, bayan nan ya yi maka bitar wasan da baki, ta kira. Wanda inji ke buga wa ba ya iya bita.

Sani Layout:
1 kyu ina? 4 kyu dai, na buga da su da yawa, faɗa kawai suka iya

'Yar Kusugu:
Malam Sani kai nawa ne matsayinka?

Sani Layout:
Hajiya matsayi ba shi ne ido ba, na riga ki fara wasan nan

Abu Sadik:
18 kyu ne, akawun ɗinsa na nan kowa na gani. Wanda ya fi ƊanMarusa ƙarfi shi ya kamata ya yi magana.

Kawu Na Ƙofar Soro:
Ku zo bakin inuwa in karɓi dubu 15 ɗin in koya muku dara, ba kyu ba dan ba data, rami da tsakuwa kawai 😂

Sani Layout:
Yaya Abu 18 ɗin nan da kake gani rabinta sabis ne ya ci min. Ina kan gaba da fili sama da komi (ƙarin makin da ake ba mai fararen duwatsu), lokaci ya koma sakan 30 kowane dutse da za ka aje, sabis ya ɗauke, kafin ya dawo an rubuta na faɗi. Da wane lissafi wannan zai zama ƙarfina?

Baban Ilham:
Wannan gaskiya ne. Mu nan Ƙofar Ƙaura daga magariba sabis sai a hankali, ga wuta ba a kawowa, waya na kashi 8 kana tsakiyar faɗan kusurwa.

'Yar Kusugu:
Nan Daura ma haka, shi ya sa na koma wasan da ake ba kowa kwana guda ya aje dutse ɗaya a OGS, ko sabis ya tahi ba ka faɗi ba. Sai dai can ne kuma masu leƙa inji suka fi samun lokaci.

ƊanMarusa:
Anti na tura mishi maganar duwatsu 9, ya ce to amma sai na fara biyan rabi.

Sani Layout:
Wai wane layi ne ke ja a Layout bayan isha'i? Nawa ko hoto ba ya buɗewa