Gitar Squier ta hannu a Garwa: in saya in canza mata kaya, ko in bar ta yadda take?

Bello_Garwa:

Assalamu alaikum. An kawo mini gitar lantarki ta hannu, Squier Stratocaster, an rubuta Affinity a kanta, lambarta ta fara da CY. Mai ita yana neman sefa dubu 75. Mikro uku gare ta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, duk masu layi ɗaya. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, bakin ƙarafunan firet (waɗanda ke gicciye a kan wuya) yana kartar hannu, maɓallin sauti yana ƙarar-ƙarar in an murɗa, kuma tana gurnani a ampili, akwatin ƙara sauti. Wani ya ce in saya kawai, in cire mikro in sa masu tsada, in canza jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin gitar) da kunnuwan ɗaure tsirkiya. Kiɗan biki nake yi, sukus da salon Agadas. Manya, me kuka gani?

Malam_Sale_Ngaundere:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ajiye maganar mikro tukuna. Wuya za ka fara dubawa, don komai na jikin gitar nan ana kwance shi da sukudireba a sa wani, amma wuyan da ya lalace kuɗin gyaransa sai ya fi na gitar.

CY na nufin a Sin aka ƙera ta, ba aibi ba ne. Ɗaga ta, ka sa ido ɗaya daga wajen kai ka bi tsawon wuyan. Ɗan lanƙwasa zuwa gaba daidai ne. Abin gudu shi ne murɗewa, wato gefen tsirkiya mai kauri ya tafi daban, gefen siririya daban. In ka ga haka, mayar masa da kayansa.

Daga nan danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Kamar milimita 0.25 ake so, kaurin takardar rubutu biyu zuwa uku. In ta wuce haka, sandar ƙarfen da ke cikin wuya ce ke son ɗauri. Bakinta yana wajen kai, yawanci makullin alan mai milimita 4 ke shiga. Sassauta tsirkiyoyi, ka juya ta dama kwata ɗaya kawai, ka sake saita sauti ka auna. Yi wannan gaban mai gitar kafin kuɗi su fita daga aljihunka. Sandar da ta ƙi motsi sam, ko wadda ke juyawa fayau ba ta kama komai, ita ce dalilin da ya sa ake rabuwa da gita da arha.

Kartar hannun nan kuwa aikin hunturu ne. Itace yana tsukewa in iska ta bushe, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakin firet ya leƙo. Liƙa tef na takarda a gefen wuya, ka goge bakin da ƙaramin magagari mai laushi, kana karkata shi kaɗan. Amma a watan Fabrairu ko Maris ake yi, lokacin da itacen ya gama tsukewa. Wanda ya goge da damina zai sake gogewa da rani.

Bayan saye, bi wannan jeri kada ka tsallake: sabbin tsirkiyoyi, sandar wuya, tsayin tsirkiya, daidaiton sauti, sannan tsayin mikro. A firet na 12, milimita 2 ƙarƙashin mai kauri da 1.6 ƙarƙashin siririya sun wadatar. Daga ƙashin kai, mai tsagogin da tsirkiyoyi ke bi a farkon wuya, zuwa jaki milimita 648 ne a irin wannan gitar, firet na 12 ne tsakiya. Sautin da ka danne a nan ya kamata ya zama ninkin na buɗaɗɗiyar tsirkiya daidai. In ya wuce haka tsini, ja sirdinta, wato guntun ƙarfen da take hawa a kan jaki, baya. In ya gaza, tura shi gaba.

Abakar_Lantarki (Njamena):

Malam Sale ya gama da itace, bari in taɓa wayoyi. Ɗan'uwa, mikro mai layi ɗaya dole ya ɗan yi gurnani, haka aka gina shi: yana kwasar zugar wutar gida, wadda a Kamaru da Cadi take bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ko na dubu ɗari ka saya, in mai layi ɗaya ne, zai yi.

Gwada haka. Kai sandar zaɓen mikro matsayi na 2 da na 4. A yawancin irin waɗannan an naɗe mikro na tsakiya a juye, saboda haka gurnanin yakan ɗauke a nan. Sannan taɓa tsirkiya da hannu. In ƙarar ta ragu, wayar ƙasa lafiya take. In ba ta canza ba, buɗe murfin baya, za ka iske baƙar wayar da ake liƙawa a ƙarfen da ke riƙe da sifirin ta cire, ɗigon dalma ɗaya ne maganinta. In kuwa ƙarar ƙaruwa take yi, an juya wayoyi biyu na soket, inda ake soka wayar gita.

Sa mita a bakin wayar gita, ka buɗe sauti gaba ɗaya. Kowane mikro ya nuna wajen om dubu 5 zuwa 7, a matsayi na 2 da na 4 kusan rabin haka. In ɗaya ya nuna om dubu ɗaruruwa maimakon haka, naɗinsa ya tsinke, ka rage wa mai gitar kuɗi.

Ƙarar maɓalli ƙura ce. Fesa maganin wanke wayoyi da masu gyaran rediyo ke amfani da shi, ka murɗa sau da yawa. Ban da man keke ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. In ya ƙi, sayi sabo mai lamba 250k. Mai 500k na mikro mai layi biyu ne, a nan sautin zai yi kaifi har ya dami kunne. Tafi kasuwa da tsohon maɓallin, domin ramin farantin da ake ɗaure shi a kai milimita 8 ne, na Amurka kuwa sun kai 9.5, ba sa shiga sai an ƙara huda.

Canjin da nake goyon baya ɗaya ne: shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramin wayoyi da bayan faranti, ka haɗa shi da wayar ƙasa. Takardar alminiyon ma tana yi, sai dai dalma ba ta kama ta.

Kuma tunda biki kake yi da janareto, ka sani tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin ampili. Kafin wasa, auna da mita tsakanin tsirkiya da kan makirufo. In wuta ta nuna, kada leɓenka ya je kusa sai an gyara. Ƙafar filogi ta uku ba a karya ta.

Hamadu_Marwa:

Ni dai a ganina mikro na asali sun dace da kiɗanka. Sukus tsabtataccen sauti mai ƙara yake so, su kuma abin da suka iya ke nan. Kawai kada ka matso da su kusa da tsirkiya fiye da milimita 2, maganaɗisun yana jan ta sautin ya riƙa rawa.

Jaki kuma a yi hattara. Jikin Affinity da yawa bai kai na Fender, uwar kamfanin Squier, kauri ba, ƙarfen jakin Fender sai ya leƙo ta baya murfi ya ƙi rufuwa. Ramukan sukurorin faranti ma ba lallai su zo daidai ba. Ka yi odar kaya daga Duwala, ka jira mota, su zo su ƙi shiga. In ba ka amfani da sandar girgiza sauti, sa sifirin biyar a baya ka ɗaure jakin ya kwanta. Yawan saɓawar sauti daga ƙashin kai yake, ba daga kunnuwa ba: goga bakin fensir a kowane tsagi. Ranar da za ka sayar, ba mai biyan kuɗin mikro masu tsada a kan Squier. Rarar kuɗin ka zuba a ampili da waya mai kyau.

Bello_Garwa:

Allah ya saka da alheri. Sandar wuya tana juyawa, wuyan bai murɗe ba, gurnani ya ɗauke a 2 da 4. Sai dai siririyar tsirkiya tana mutuwa a firet na 14.

Malam_Sale_Ngaundere:

To na 15 ne ya ɗago. Ɗora wani abu madaidaici gajere a kan firet uku, na 14 zuwa 16. In yana lilo, shi ne. Duba ko bakinsa ya tashi daga itace. In ya tashi, ɗora guntun katako a kai ka buga a hankali da ƙaramar guduma, ka ɗiga gam mai ruwa a gefen. In a zaune yake, sai mai gyara ya goge shi. Nuna wa mai gitar wannan da maɓallin, ka taya ƙasa da abin da ya faɗa, tunda tsirkiyoyi ma sabbi za ka saya.