Taƙaitawa: matsalar wuta a motocin haibirid da na hannu

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar masu motoci na Damagaram.

1. Kusan kowa ya yarda: in Prius, wato haibirid ɗin Toyota mai aiki da fetur da lantarki, ta ƙi nuna READY, alamar cewa ta tashi, a fara duba ƙaramin batir mai volt 12 da kawunansa kafin a zargi babban batir na haibirid.

2. Ƙura. Nan aka fi daɗewa. Fankar da ke sanyaya babban batir tana shaƙar iska ta wata kafa gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu ta toshe ta, zafin Afrilu ya ƙarasa batirin. A riƙa share ta, kada a jibga mata kaya.

3. Wayoyi masu launin ruwan lemo wutarsu ta kai volt 200. Don Allah kada a bar yaron gareji ya taɓa su.

4. Motar Kwatano, a sa mata na'urar bincike kafin biyan kuɗi.

Inda aka rabu: in lambar P0A80, mai nuna babban batir ya lalace, ta fito a na'urar bincike, wasu sun ce a canja ƙwayoyin batirin da suka mutu kawai, ya fi araha. Wasu sun ce ba a jimawa wata ƙwayar za ta bi, gara a sauya batirin duka. Batun kai gyara Kano ma ba a daidaita ba.