Yarona yana JSS 3 amma Turanci ya ƙi zama, ku ba ni shawara

Maman Biyar, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai. Yaron ɗan ƙanwata ne, Allah ya jiƙanta, ni na ɗauko shi. Da yana wurin kakarsa ta wajen uba, kuma ba ƙaramin rikici aka sha ba kafin su sakar mini shi, sai da kawunmu ya taso daga Bauchi aka zauna har sau biyu. Uban ya yi wani auren, ko sabulu bai taɓa aiko masa ba. Da keken ɗinkina nake biyan kuɗin makarantarsa, maigidana kuma bai taɓa nuna masa bambanci ba, Allah ya saka masa. Yanzu BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta ƙarato. Lissafi ba shi da matsala, amma Turanci 34 ya ci a zangon da ya wuce. Shekaranjiya na sa shi ya karanta mini wani labari a littafinsa. Ya ɗora yatsa a kan layi yana ja a hankali har ƙarshen shafi, na ce to me aka ce? Ya yi shiru yana kallon tabarma, sai hawaye na gani ya ɗiga a kan takardar. Littafin rubutunsa kuwa jan biro ya fi shuɗi yawa, "he go", "did you went", duk an zagaye. Na taɓa sa shi lesin na cire shi. Me zan yi a ɗan lokacin nan?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, shekara 35 na yi da alli a hannuna, ciwon nan na san shi. Nahawu ne babu. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi, "tafi" tana nan yadda take, abin da ya gabace ta ne ke nuna lokaci. A Turanci kalmar ce da kanta take sauya riga: go, went, gone. Wannan ba a gane shi da wayo, hadda ake yi. Kalma goma kullum bayan Asuba, da yamma a yi masa shifta. Daga Magariba zuwa barci kada a yi Hausa a gidan, kuma a raba shi da buroka, ita ta kashe Turancin yaran Jos.

Malama 'Yar Rikkos:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan na saɓa da kai. Ni ma Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Yaron da ya karanta shafi guda bai riƙe komai ba, ƙarfinsa duk ya ƙare ne wajen haɗa baƙi, babu sauran na fahimta. Hausa yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Turanci kuwa dubi though, through da cough, ƙarshensu iri ɗaya, furuci uku. Anti, ki samo masa littafin labari na 'yan firamare aji huɗu, minti 20 kullum. Sakin layi ɗaya ya karanta ya tsaya, ya faɗa miki da Hausa wa ya yi, me ya yi, me ya sa. Amma ki fara gaya mini, yana karanta Hausa da sauri? Kuma a ina yake zama a aji, yana ganin allo?

Baban Yara, Gangare:
Makarantun kuɗin nan ne matsalar. Yarana uku ne a wata makarantar kuɗi, duk zango sai sun ƙara, ga kuɗin littafi, ga na rigar wasanni, ga na walima. Malamin Turancinsu ya tafi tun bayan Sallah, har yau mai koyar da zamantakewa ke riƙe da ajin. Na yi magana a taron iyaye aka ce na cika surutu.

Maman Biyar:
Makarantarsu ba ta da laifi gaskiya, duk yarana can suka yi, babbar tana Jami'ar Jos yanzu. Baba, hana Hausa ba zai yiwu ba, surukata tana gidan, da me za a yi mata magana? Malama, littafin firamare kuma? Ƙannensa za su yi masa dariya, yaron maraya ne, ba na son abin da zai karya masa zuciya.

Tsohon Hedimasta:
Tausayin nan ne zai cuce shi. A zamaninmu wanda ya yi Hausa a aji tara ake cinsa, kuma mun fito muna rubuta wasiƙar neman aiki babu gyara. Malama, tatsuniya ba za ta koya masa cewa bayan "did" ba a sa "went" ba. A jarrabawa za a ce ya rubuta wasiƙa, adireshi a ina, kwanan wata a ina, sallama yaya. Wannan ƙa'ida ce, ƙa'ida kuma zama ake yi a koye ta. Hajiya, me ya sa ma kika cire shi daga lesin?

Uwar Tagwaye, Bukuru:
Ni dai waya nake zargi. Nawa ma haka suka koma tun da ubansu ya saya musu, na yi magana ya ce ina takura musu, alhali shi sati biyu yake yi a hanya bai san me ake ciki ba. Ki bar yaron ya maimaita aji kawai, ba mutuwa ba ce.

Maman Biyar:
Ba shi da waya, tawa yake ɗauka in na gama da kwastomomi. Maimaita aji kam a'a. Dangin ubansa jira suke su ce na kasa. Lesin ɗin kuma ina da dalilina, ba komai ake faɗa a nan ba.

Malama 'Yar Rikkos:
Anti, ba sai a gaban ƙannensa ba. Ki tafi da shi shagonki, kina ɗinki yana karanta miki. Kuma har yanzu ba ki amsa mini maganar Hausar da allon ba.

Tsohon Hedimasta:
Shagon ɗinki ba wurin karatu ba ne. A mayar da shi lesin, a sayi littafin nahawu.

Maman Biyar:
Na gode muku duka. Ranar Asabar zan shiga kasuwar Terminus sayen zare, zan leƙa wurin masu littattafai. Kuɗin guda ɗaya ne a hannuna, na nahawun zan ɗauka ko na labarin?