Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar JAMB, yanzu tsoro ya hana ni sake zama

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum. Shekara biyu a jere ina zama jarrabawar JAMB ba tare da na samu makin shiga jami'a ba. A karo na biyu sai da mahaifiyata ta sayar da akuyarta aka biya kuɗin rajista, kuma ranar da sakamako ya shigo wayata na kasa haɗa ido da ita. Abin da ya fi damuna shi ne na yi karatu, amma da na zauna gaban kwamfuta na ga agogo yana tafiya, sai hannuna ya kama rawa, abin da na sani ya ɓace mini. Shin akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita?

Malamar Sakandare: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka koma ka dubi sakamakon nan da kake gudun kallo, domin darasi huɗu ne, kowanne da makinsa cikin 100, kuma shi zai nuna maka inda gizo ke saƙar. Tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda bai saba da wannan gudu ba dole ya firgita, ko da ya haddace littafi. Ka nemi shagon kwamfuta ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, sannan ka zauna jarrabawar gwaji da hukumar JAMB ke shiryawa. Ba sai ka riƙe linzamin kwamfuta ba ma, domin da haruffan A, B, C da D ake zaɓar amsa, N kuma ta kai ka tambaya ta gaba. Ɗalibaina da dama wannan kaɗai ya kwantar musu da hankali.

Baba Mai Shago: Yaro, ka tuna yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, inda sahabbai kusan 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, bayan mafi yawan maharba sun sauko daga tudun da aka ajiye su. A Suratu Ali Imrana Allah ya ce musu kada su yi rauni, kada su yi baƙin ciki, amma kuma bai ɓoye musu kuskurensu ba. Ni ma na taɓa karyewa a kasuwa saboda bashin da nake bayarwa ba rubutu, kuma tun daga ranar ban sake buɗe shago ba tare da littafin rubuta bashi ba.

'Yar Zariya: Ina girmama maganar Baba, sai dai na ga waɗanda faɗuwa ba ta koya musu komai ba, ta dai rufe su a ɗaki ne, saboda sun haɗiye abin su kaɗai. Ka fara zama da mahaifiyarka ka faɗa mata gaskiya. Sannan akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wato karatun share fagen shiga jami'a, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye idan ya samu makin da ake buƙata.

Ɗan Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Turanci ne ya ja ni ƙasa duk sau biyun. Jiya da daddare na yi magana da Inna, ta ce gobe in je in tambayo kuɗin awa ɗaya a shagon kwamfutar unguwarmu.